Muryar Baba a Jakar Gwaji

Baba ya yi shekaru yana karanta labarai a gidan rediyo, har in ya yi magana a layin asibiti sai ka ga mutane sun waiwayo. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, ƙafa ta dawo, hannu ma ya dawo da ɗan sauransa, harshe ne ya ƙi. Likitar magana ta ce ya riƙa karanta jimloli kullum yana ɗauka a waya, a haɗa mata ta ji ci gabansa. Ya yarda, amma da sharaɗi, wanda sai da ya yi gumi kafin ya fitar da shi: daga shi sai likita sai Auta, babu kunnen da zai ji.

Auta ce ƙaramar 'yarsa. Kwamfuta ta karanta a jami'a, tana aiki a wani ɗakin ɗaukar sauti da ake yin tallace-tallace. Aikin haɗa muryoyin ya faɗo kanta.

Tsohuwar wayar Baba tana da hali irin nata. In mai magana ya yi shiru sai ta daina ɗauka, in ya ci gaba ta ci gaba, fayil ɗin ya fito da gibi-gibi a cikinsa. Manhajar gyaran sauti da Auta take amfani da ita, irin ta kyauta da kowa ke iya ganin rubutun cikinta, ta ƙi buɗe shi sam. Sai ta sauko da ainihin rubutun manhajar don ta harhaɗa sabuwa da kanta. Baƙin allo ya yi ta zubo rubutu, ya tsaya da jan layi: babu wani laburare, wato guntun manhaja da take dogaro da shi. Ta nemo ta sa. Ya ce wannan ya tsufa. Ta sabunta, wani abin ya ɓalle a gefe. Haka ta yi ta fama da yamma bayan aiki, shayinta yana hucewa a gefen kwamfuta, har ranar da rubutun ya zubo ya ƙare ba ja ko ɗaya.

Manhajar ta buɗe fayil ɗin Baba, ta kai shirun farko, ta mutu.

Ta rubuta ƙorafi a dandalin masu manhajar. Wani mai kula da ita, can wata ƙasa, ya amsa da ladabi: ba zai iya gyara abin da bai gani ba, ko za ta turo fayil ɗin da ke kashe ta? Auta ta gaji, ranar ganin likita ta matso. Ta zaɓi mafi gajarta ta ɗora. A ranta ta ce ai mutumin ba ya jin yarensu.

Gyara ya fito. Ta ce bari ta harhaɗa a babbar kwamfutar wurin aiki, ta fi sauri. Injiniyan ɗakin yana tsaye a bayanta da kofinsa, mai karanta talla yana kishingiɗe a kujera yana jiran lokacinsa.

"Auta, wannan rubutun da ke gudu, da gaske kina karantawa ko burga ce?" in ji Injiniya.

"Gwaje-gwaje yake yi, Oga. Yana duba ko komai daidai."

"Da me yake gwadawa?"

Kafin ta amsa ya miƙo hannu ya buɗe jakar fayilolin gwajin a allo. Sautuka ne birjik: ƙarar ƙararrawa, kiɗan molo, kukan tsuntsu. Ya latsa na ƙarshe, sabo. Manyan lasifikokin ɗakin, waɗanda ba sa ɓoye ko numfashi, suka saki muryar Baba.

"Ga... ga ka... kanun..." Shiru. Haɗiyar yawu. "La... baran."

Mai talla ya tashi zaune yana dariya. "Kai! Wannan bawan Allah me ya sha?"

Injiniya bai yi dariya ba. Ya karkata kai. "Kamar na san muryar nan."

Auta ta ji kunnuwanta sun ɗau zafi. Ta kafa ido a allo ta ce, "Irin fayilolinsu ne." Ta rufe jakar.

Sai a lokacin ta gane abin da ya faru. Mai kula da manhajar ya ji daɗin fayil ɗin, ya saka shi cikin gwaje-gwaje don kada matsalar ta sake dawowa. Duk wanda ya sauko da rubutun, ko'ina yake a duniya, ya sauko da Baba yana kokawa da kalma uku.

Ta rubuta masa tana roƙo. Ya ba da haƙuri sosai, ya ce zai cire, sai dai ta taimaka da wani fayil mai irin wannan gibin a madadinsa. Waɗanda suka riga suka sauke kuwa, ba shi da iko da kwamfutocinsu.

Ranar hutu da hantsi, Baba yana barci, Mama tana wanki a baya, Auta ta ɗauko wayarsa ta shige ɗakinta. Ta karanta jimla a muryarta, ta gwada a tsohuwar manhajar da ba a gyara ba, ko fayil ɗin zai kashe ta kamar na Baba. Ba ta mutu ba. Ta saka shiru a tsakiya. Ba ta mutu ba. Gibin yana so ya zo daidai yadda na Baba yake zuwa, a tsakiyar kalma, bayan an fara an kasa. Ta rufe ido ta tuno yadda yake yi. Ta nauyaya harshenta, ta karkace baki.

"Ga... ga ka... kanun..."

Ta maimaita, tana ƙara kamantawa. Har ta fara jin daɗin yadda yake fitowa daidai, sai ta ji ƙarar sanda a kan siminti.

Yana bakin ƙofa, rigar barcinsa a karkace. Ba ta san tun yaushe ba. Idonsa yana kan bakinta.

"Baba, ba abin da kake zato ba ne."

Mama ta leƙo ta bayansa, kumfa har gwiwar hannu. "Ke Auta! Uban naki kike kwaikwayo? Abin da kika koyo a jami'ar ke nan?"

Da ta yi shiru, da laifinta ya tsaya a rashin kunyar yara. Amma ba za ta iya barinsa da zaton tana masa ba'a ba, kuma babu hanyar wanke wannan zaton sai da tona babban laifin. Ta durƙusa ta faɗa masa duka: dandalin, jakar gwajin, lasifikokin wurin aiki. Dariyar mai talla ce kawai ta haɗiye.

Baba ya daɗe yana haɗa kalmar.

"Mu... mutum... nawa?"

"Ban sani ba, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ta miƙa masa wayar da hannu biyu. Ya dube ta, bai karɓa ba, ya juya da sandarsa.

Fayil ɗin da ta kwaikwaya ya kashe tsohuwar manhajar tsaf. Ta tura, aka musanya. Yanzu muryarta ce a jakar, tana kwaikwayon mahaifinta.

Kwanaki suka shige ba a ji karatu daga ɗakin Baba ba. Likita ta kira, Mama ta ce mura yake yi. Auta takan kai masa ruwan alwala ta ajiye ta fito, ba ta ɗaga kai.

Wata safiya tana sa takalmi za ta fita, ya buga sanda sau biyu. Ta shiga. Takardar jimlolin tana kan cinyarsa. Ya nuna mata wayar da ke hannunta, ya nuna aljihun tebur. Ta saka ta rufe. Ya nuna tabarma.

"Ke," ya ce. "Ki... ji. Ki faɗa... wa likita."

Ta zauna. Ya fara. A wurin da tsohuwar wayarsa takan daina ɗauka, Auta ba ta da inda za ta je. Ta zauna cikin shirun tare da shi, tana kallon ƙafafunta, har kalmar ta iso.