Sunaye Bakwai a Takardar Dilara

Shekara guda cif tabarau ɗin ya yi a jakar Dilara. Ma'aikaciyar jinya ce a Birmingham ta Ingila, can aka haife ta, amma iyayenta mutanen birnin Silet ne, can ƙasashen gabas. Matan masallacin unguwarsu ne suka haɗa mata kuɗin jirgi bara, suka sake haɗawa bana, don ta yi wata guda tana hidima a gidan marayu mata da ke bayan garin Biyanibaza. Don Allah take yi, babu mai shakkar wannan. Amma kyakkyawar niyya ba ta taɓa hana kowa yin ɓarna ba.

Tabarau ɗin na Moyna ne, yarinya 'yar shekara goma sha uku da ke kai Alƙur'ani har bakin hancinta kafin ta ga wasali. Bara Dilara ta kai ta aka auna idon, ta yi alkawarin kawo mata mai kyau daga Ingila. A kasuwar Silet kwana biyu ya isa a yanka gilashin. Ita dai ta fi son ta miƙa da hannunta, ta ga murnar yarinyar da idonta.

Ta iso ana ruwa. 'Yan mata suka jeru a baranda da furanni, suka rera waƙar maraba da ake rera wa kowane baƙo. Dilara ta bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya, ba ta ga Moyna ba. Ta tambayi Piyara, tsohuwar da ke riƙe da gidan, wadda kowa ke kira Khala, wato inna. Tsohuwar ta tofar da jan yawun ganyen da take taunawa, ta ce yarinyar ta tafi gida, sannan ta tura baƙuwa gaban shinkafa da miyar kifi.

Washegari bayan la'asar Dilara ta buɗe akwati na biyu, wanda ta cika da audugar mata, ta aika a kira manyan 'yan mata ɗaki kamar yadda ta yi bara. Ba wadda ta shigo. Ta leƙa waje ta ga Lutfa, wadda ta fi kowa tsawo a gidan, ta ranƙwafar da kafaɗu, ta naɗe ƙirji da mayafi riɓi biyu cikin wannan zafi.

"Lutfa, zo mana. Ni ce fa."

"Apa, ni yarinya ce tukuna," in ji Lutfa, tana kallon ƙasa. Apa, wato yaya, haka yaran ke kiran Dilara. Sauran suka watse.

Dilara ta nufi ɗakin girki. Khala tana zaune a kan katakon da aka kafa wa wuƙa, tana yanka kifi, ba ta ko ɗago ba.

"Khala, me aka yi wa yaran nan? Ina Moyna?"

"'Yar Landan, zauna kar ki faɗi. Suna nawa kika rubuta bara?"

Dilara ta tuna. Ta tara manyan, ta rufe ƙofa, ta ce musu magana ce tsakanin mata, duk wadda ta fara al'ada ta ɗaga hannu. Moyna ce ta fara ɗagawa, saboda ta yarda da ita. Bakwai suka ɗaga. Ta rubuta sunayen a tsanake kamar yadda aka koya mata a asibiti, ta kai wa sakataren kwamiti domin a riƙa saya musu auduga duk wata.

Khala ta ba ta sauran labarin tana fincike ƙaya. Attajirin da ya yi wakafin gidan ya rubuta cewa na marayu ne, kuma a wurin malamai maraici yana ƙarewa ranar da yaro ya balaga. Shekara goma sha tara ke nan tana ɓoye wa kwamiti wannan al'amari. Tsummoki a bayan murhu ake shanya su. Ranar da yarinya ba ta salla sai a ce zazzaɓi ne. Da haka take jan kowace har ta gama aji goma, ta sami abin riƙewa. Maza ba sa tambaya, ita kuma ba ta faɗa.

"Ƙarya nake yi, na sani, ni da Ubangijina. Ke kuma kika zo da gaskiyarki da bironki. Jirginki bai sauka Ingila ba aka kira iyayensu mata su zo su kwashe su."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Kin tambaye ni? Kin zo kina koya mana wanke hannu."

Da safe Dilara ta je wurin shugaban kwamiti, malamin da ake kira Huzur Toyob Ali. Ta so ƙwarai ta tarar da mugu, da ta sami wanda za ta yi wa faɗa. Sai ta tarar da dattijo mai tari, wanda ya sa aka kawo mata shayi, ya saurare ta har ƙarshe idonsa a kan tabarma. Ta ce kuskurenta ne, a yaga takardar. Ta ce ita da matan masallacinsu za su ɗauki nauyin Moyna har ta gama makaranta.

Ya ce ba maganar nauyi ba ce. Sharaɗin mai wakafi amana ce, mamaci ba ya dawowa ya sassauta.

"'Yata, shekarun nan duka ina da ido, ina ganin yara suna tsawo. Ban tambaya ba, don abin da ban sani ba ba za a tuhume ni da shi ba. Ke kika kawo mini shi a rubuce, da sa hannunki a ƙasa. Yaya zan yi in koma rashin sani?"

Ya ƙara da cewa a gadon Moyna yanzu akwai 'yar shekara shida da ambaliya ta ci ubanta. In Dilara tana so, ta je da kanta ta zaɓi wadda za a fitar. Ta shanye shayin don kar ta yi rashin ladabi.

Kwana huɗu ta yi kafin ta gano inda Moyna take. Uwar yarinyar ta sake aure, mijin ya ce ɗakinsa ɗaya ne, sai aka kai ta aikatau gidan wasu masu hali a cikin Silet. Matar gidan ta yi murna da baƙuwa daga Ingila. Ta zaunar da ita a kujera mai laushi, ta shiga tambayar yadda ɗanta zai sami biza. Moyna ce ta kawo tiren shayi. Ta rame, hannunta ya yi kaushi. Ta ajiye, ta yi sallama kamar ga wadda ba ta taɓa gani ba, ta koma.

Da ƙyar aka ba su minti biyar a ƙofar baya, inda Moyna ke tsintar shinkafa a faifai. Dilara ta tsuguna, duk jawabin da ta shirya a hanya ya gudu. Ta ce za ta nemi wata makaranta, za ta yi magana da mutane. Ita kanta ta ji yadda maganar ta fito ba nauyi. Saura mata kwana ashirin da uku a ƙasar, ba ta san kowa ba, kuma albashin yarinyar ne ke ciyar da ƙannenta biyu.

"Apa, kin ce tsakaninmu ne," in ji Moyna. Ba da faɗa ta faɗa ba.

Dilara ta ciro tabarau ɗin. Yarinyar ta goge hannu a zaninta, ta karɓa, ta sa. Ya zauna mata daidai. Ta dubi bishiyar mangwaron maƙwabta, ta dubi Dilara na ɗan lokaci, sannan ta sunkuya kan faifai.

"Yana da kyau. Yanzu zan riƙa ganin tsakuwa, uwar ɗakina ta daina zagina."

Daga ciki aka ƙwala mata kira. Ta ɗauki faifai ta shige.

Da Dilara ta koma gidan marayu, ta ja akwatin audugar zuwa ɗakin girki, ta tura shi bayan buhunan shinkafa. Khala ta dube shi, ta jawo tsohon buhu ta rufe.

"Nawa ne a ciki?" ta tambaya.

"Ban ƙirga ba."

"To, kin fara hankali," in ji tsohuwar, ta koma kan kifinta.