Farar Motar Bakin Layi

Tun ranar da mijina Baban Auta ya faɗo daga tsani a ɗakin ajiyar kayan da yake aiki, hankalina bai sake kwanciya ba. Likita ya ɗaga hoton bayansa ya nuna mana: ƙashi ya goce, yana danne jijiya. Ya ce in ba a yi aiki da wuri ba ƙafar hagu za ta mutu. Kuɗin aikin kuwa, ko mun sayar da gadon da muke kwana a kai ba za mu kai ko'ina ba. Amma ai akwai inshora. Shekara da shekaru ana yankar albashinsa saboda irin wannan rana.

Na yi ta sintiri a ofishin masu inshorar har takalmina ya suɗe. Wata yarinya mai dogayen farce kullum maganarta ɗaya: "Ana bincike, uwargida." Binciken me, don Allah? Mutum ya faɗo a gaban abokan aikinsa da rana tsaka!

Tela maƙwabcinmu ne ya fara lura da motar. Fara ce mai baƙin gilashi, tana tsayawa ƙarƙashin bishiyar bakin layi tun hantsi.

"Maman Auta, a yi hattara," in ji shi, ya rage murya. "Mutanen inshora ne, bidiyo suke ɗauka. Haka suka yi wa ƙanin matata. Bokitin ruwa kawai ya ɗaga, suka ce lafiyarsa ƙalau. Ko sisi bai gani ba."

Nan take na koma gida na saki labule duka.

Ga shi likita ya ce dole Baban Auta ya riƙa ɗan takawa a waje kowace safiya, in ba haka ba ƙafar za ta ƙara sandarewa. Gaba kura, baya sayaki. Sai ya fito da sandarsa, ni kuma ina biye da shi ina mita kamar sauro: kada ka miƙe sosai, kada ka yi dariya, kada ka amsa gaisuwa da ƙarfi. Ranar da ciwon ya lafa masa, ranar muka fi jin tsoro. Mutumin da ake jin dariyarsa daga shagon Tela ya koma yana raɓe-raɓe kamar ɓarawo a ƙofar gidansa.

Auta ce ba ta san dawan garin ba. Ba ta daɗe da iya gudu ba. Takan ɗaga hannuwa ta ce, "Baba, ɗauka!" Shi kuma sai ya ce, "Je ki wurin Mama."

Ranar da abin ya faru ina shanya, shi yana zaune a kan benci a ƙofar gida. Ƙwallon Auta ta gangara titi, ta bi ta da gudu. Motar kaya kuma tana tahowa da baya, direban bai ganta ba. Na kurma ihu, amma na yi nisa.

Shi ne kusa. Da idona na ga ya waiwaya ya kalli farar motar, kallo ɗaya, kamar ƙiftawar ido. Sannan ya yi jifa da sanda, ya zabura, ya fizgo Auta sama, taya na gogar rigarta. Ya taka ɗaya, biyu, ya zube. Irin ƙarar da ya yi ban taɓa jin ta a bakin namiji ba. Kafin mutane su taru, farar motar ta tayar ta wuce.

A makon masu inshorar suka kira ni da kansu, har da ba ni kujera. Wani mai ƙamshin turare ya juyo mini da fuskar kwamfuta. Ga Baban Auta yana gudu, ga shi ya ɗaga yarinya sama. Nan bidiyon ya tsaya.

"Ina sauran?" na ce. "Ina inda ya faɗi? Ku ji tsoron Allah!"

"Iyakar abin da aka kawo mana ke nan, uwargida. Mai gudu haka ba ya buƙatar aikin baya. In kuma akwai sabon rauni, to ba a wurin aiki ya same shi ba."

Na zage su tas, har mai gadi ya rako ni waje. Zagin bai saya mini komai ba.

A gida na sami Baban Auta kwance, Auta tana wasa da yatsun ƙafarsa ta hagu, tana jira ya yi dariya kamar da. Bai ma san tana taɓa shi ba. Na buɗe baki zan faɗa masa, ya riga ni.

"Maman Auta, bar zancensu." Idonsa na kan yarinyar. "Kin ga sai da na kalli motar nan kafin na tashi?"

Na sunkuya ina gyara masa zanin gado.

"Ban gani ba," na ce.