Kuɗin da Malam Sanda Ya Ƙi Taɓawa

"Ba zan sa hannu ba," in ji Malam Sanda. Ya ture takardar cirar kuɗin da bayan hannu, ta zamo daga kan katifa ta faɗi kusa da ƙafata.

Matarsa, Hajiya Safiya, tana tsaye a bakin ƙofa. Ita ta sa aka kira ni, don katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu a Unguwar Kanawa, wai ko zai ji maganata tunda ni ma ma'aikacin gwamnati ne.

"Malam Nuraddeen, ka dai ji da kunnenka. Ƙafafu sun kumbura, likita ya ce wankin ƙoda sau biyu a mako, ga kuɗinsa can a ajiye, shi kuma ya ce a'a."

Kuɗin da take nufi duk layinmu an san da su. Shekara talatin da huɗu Malam Sanda yana aiki a wata ma'aikata a Doka. Ban da abin da ake cire wa kowa na fansho, shi da kansa ya sa ana ƙara cirar masa wani abu duk wata, na ganin dama, ana zubawa a asusun ritayarsa. Ya sha yi mana nasiha a kan benci bayan la'asar, cewa abin da ka zuba can haraji ba ya cin sa, muddin ka haƙura ka bar shi ya daɗe. Mu kuwa sai dariya, muna cewa ya fi tururuwa tanadi. Babur ɗaya ya hau har fentinsa ya koɗe.

"In na cire yanzu za su yanki haraji," ya ce, numfashinsa na sarƙewa. "Saura wata biyar in yi ritaya."

"Haraji! Baban Umaima, haraji ko ranka?"

Ya juya fuska bango.

Ran Litinin da safe sai ga saƙonsa, wai in kai shi ofishin kamfanin fanshon. Hajiya har da goge masa farar shaddarsa, tana ta godiya ga Allah. Da ƙyar muka sa shi a motata.

A ofishin, yarinyar da ke kan tebur ta tambayi abin da ya kawo mu. Na buɗe baki zan ce cirar kuɗi, ya riƙe hannuna.

"Sunan magaji zan canza, 'yata. Sunan yayana ne a ciki, shi kuma ya rasu bara waccan."

Ya rubuta sunan matarsa da na 'yarsa Umaima, ya dangwala yatsa. Ko maganar cirewa bai yi ba.

Sai da muka koma mota ya yi mini bayani.

"Na tambayi likitan, daga ni sai shi. Wankin nan ba warkewa ba ne, jinkiri ne. Cikin wata bakwai zai cinye tanadin shekara goma sha biyu. Sannan in tafi in bar su a gidan haya, ga Umaima saura shekara biyu ta gama jami'a."

"Malam, rai a hannun Allah yake. Neman magani kuma ba laifi ba ne."

"Na sani. Ban ce na yi daidai ba." Ya lumshe ido. "Amana na ba ka. Ka ce wa Hajiya ana kan aikin cirar kuɗin."

Haka na faɗa mata. Kullum in zan fita aiki sai ta tare ni a zaure: "Har yanzu shiru?" In ce sun ce a ƙara haƙuri. Mutanen masallaci da abokan aikinsa suka haɗa abin da ya isa wanki uku, daga nan aka tsaya. Sau biyu ina zuwa ƙofar gidan da niyyar fasa ƙwai, in ji tarinsa daga ciki, in juya.

Ran Alhamis da hantsi, kwana ashirin da huɗu da zuwanmu ofishin, ya cika. Ina cikin waɗanda suka sa shi a kabari. Ya yi sakayau kamar ba shi ba.

Ranar addu'ar uku, bayan mutane sun watse, Umaima ta ce mahaifiyarta na son ganina. Hajiya na zaune a kan darduma cikin hijabin takaba, da wata takarda a cinyarta. A aljihun shaddar suka same ta.

"Umaima ta karanta mini. Wannan ba takardar cirar kuɗi ba ce." Muryarta ba faɗa a ciki. "Ka sani?"

"Na sani, Hajiya."

Ta daɗe tana kallon takardar.

"Ina da gonar gado a ƙauyenmu. Da ka faɗa mini, da na sayar. Jiran kuɗin nan na tsaya yi."

Ta ninke takardar gida huɗu, ta ce, "Allah Ya ba da lada. Ka gaida Halima," wato matata.

Da na fito, hadari ya haɗu ta wajen Mando. Tabarmin zaman makoki suna nan shimfiɗe a ƙofar gida, ba kowa a kai. Na durƙusa na fara naɗe su ɗaya bayan ɗaya, yayyafi na sauka a bayana.