Baƙo na Goma Sha Huɗu

Tun da likita ya hana Malam Boukari ɗaukar kaya saboda gwiwa, gida ya yi masa ƙunci. Shekara ashirin da biyu yana aiki a wani sito a garin Wendover, can ƙasar Turawa, yanzu daga kujera sai taga, daga taga sai kicin. Har famfon da bai lalace ba ya kwance ya mayar.

'Yarsa Chamsiya tana aiki a kotu, tana kuma koyon Japananci don sha'awa. Ta haɗa wani wasa a intanet: alama mai wuya ta rubutun Japananci ta fito, ƙarƙashinta amsoshi huɗu, mutum ya taɓa wadda ta nuna yadda ake karanta ta. Ta tura wa 'yan ajinsu su gwada. Shi ba ta tura masa ba, ta san karatunsa bai wuce sa hannu ba. A wayar matarsa Assibi ya ga abin, ya taɓa, wasan ya sa masa suna Baƙo 14.

Ranar farko ya sha kaye. Amma in an kuskure, wasan yakan haska amsar gaskiya da kore, shi kuwa Boukari ba a nuna masa abu sau biyu. Yana saurayi a kasuwar Abalak, da shaidar wuta da ake yi wa dabba a jiki yake gane raƙumin kowa. A sito ma da siffar tambari yake raba kwalaye. Sai ya raɗa wa alamomin sunaye: rumbu mai tsani, mace da tulu biyu, ƙaya bisa rijiya. Kowacce ya riƙe ta da abokiyar tafiyarta, wato siffar amsar da ke haskawa da kore. Cikin mako uku Baƙo 14 ya hau saman jeri, sama da masu digiri.

Ranar Asabar suna cin abincin rana, Chamsiya ta ce akwai mai yi mata maguɗi. Wai ba ɗan'adam da zai amsa alama ɗari uku babu kuskure, kowacce cikin daƙiƙa biyu. Na'ura ce aka sakar mata, kuma da la'asar za ta goge wannan Baƙo 14 ɗin.

Boukari ya ture kwano. Ya fita baranda, ya dawo. Ya ɗauki carbi, ya ajiye. Assibi ta tambaya ko gwiwar ce, ya ce ta bar shi. In ya yi shiru, makonsa uku sun tafi. In ya yi magana, 'yarsa za ta san ubanta yana ɓuya da wayar mace yana wasa kamar yaro.

Da la'asar, Chamsiya na buɗe kwamfuta ya tsaya a kanta.

"Kar ki goge."

"Baba, ba mutum ba ne fa."

Ya karɓi wayar Assibi, ya zauna, ya yi ashirin a jere. Duka kore. Assibi ta ce ashe shi ne ɓarawon cajinta.

 Chamsiya ta nuna alamar ƙarshe, ta tambaya a hankali yadda ake faɗinta.

"Rumbu mai tsani."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce laifin wasanta ne: mutum zai iya cinye shi bai taɓa jin kalma ɗaya ba. Za ta cire amsoshin rubutu ta sa murya, a saurara a zaɓa. Amma hakan zai mayar da kowa sifili, har Baƙo 14. Ta tambaya ko ya yarda.

Ya ce ta sa, amma ta cire wannan suna. Shi ba baƙo ba ne a gidansa.

Ranar Laraba Chamsiya ta gama gyaran. Muryar wata mata ta fito daga wayar, ta faɗi abu huɗu, duk iri ɗaya a kunnensa. Ya taɓa na biyu. Ja. Can ƙasan jeri ya ga sunansa, kalma ɗaya da ya iya karantawa. Ya ce wa Assibi ta rage rediyo, ya ja kujera kusa da taga, ya sake dannawa.