Ranar da Aka Kira Sunan Kwamfuta

Lasifikar ta yi ƙara sau biyu kafin muryar Shugaban makaranta ta fito, mai kauri, cike da jin daɗin kai. Ɗalibai kusan dubu suna tsaye a layi cikin rana, baƙi daga ma'aikatar ilimi suna zaune a rumfa suna fifita da takardar tsarin taro. Malamar lissafi tana bayan 'yan ajinta, hannu a harɗe, tana Allah-Allah a gama a koma aji.

"Yanzu kuma," in ji Shugaba, "za mu kira 'yarmu marar galihu, wadda ba ta da wurin kwana, ta fito gaban manyan baƙi ta karɓi tallafi."

Malama ta ɗago kai. Suna ɗaya ne a takardar da ke hannunsa, kuma ta san hannun da ya rubuta shi.

Ya kira sunan cikakke, har da na uba.

Yarinyar tana layi na uku. Kwamfuta 'yan aji suke ce mata, don tun kafin a gama rubuta lissafi a allo take ba da amsa. Ba ta motsa ba. Ya sake kira, ya ƙara da sunan ajinta, kamar mai cigiyar akuya. Kawuna suka fara juyawa. Wata ta zungure ta da gwiwar hannu. Daga layin maza wani ya ɗaga murya ya ce, "Ashe kwamfutar ba ta da wurin caji!" Dariya ta ɓarke ta bi layuka kamar wutar kara.

Kafin ta taka, yarinyar ta waiwayo ta dubi Malama sau ɗaya. Babu hawaye a idonta. Da ma akwai, da ya fi sauƙi.

A gaban rumfa aka ɗora mata tabarmar roba a naɗe, da bargo, da jaka mai tambarin ma'aikata. Mai hoto ya durƙusa yana cewa, "Ɗago kai mana, 'yammata. Yi murmushi. Yallaɓai, dafa kafaɗarta." Aka dafa. Aka tafa.

* * *

Mako uku ke nan da Malama ta san maganar. Ranar ta yi sammako ne don ta ƙarasa duba takardun gwaji, sai ta ji ƙarar famfo a bayan banɗakin mata. Da ta leƙa, ta tarar da yarinyar a tsugune cikin wata koɗaɗɗiyar riga, tana dirje ƙafafunta da dutse. Kayan makarantarta suna ninke a leda a kan bulo, buroshi da guntun sabulu a gefe.

Da Malama ta tambaye ta, yarinyar ba ta yi gardama ba. Ta faɗi komai kanta a ƙasa, a tsare, kamar tana karanta amsa. Gidan hayar da aka haife ta, mai ɗaki goma sha ɗaya, magada sun sayar, wanda ya saya ya rushe ya kafa gidan mai. Wata bakwai ke nan. Babanta ɗan dako ne, yana kwana cikin buhuna a shagon maigidansa a kasuwa. Ita da ummanta suna wani kangon bene da ba a gama ginawa ba, maigadin ya bar su bisa sharaɗin kada kowa ya sani. Aikin gida a lokacin hutun tara take yin sa. Kayan makaranta kuwa a ƙarƙashin kwalin da take kwana a kai take shimfiɗa su, su kwana suna goguwa.

Malama ta tuna sau nawa ta sa yarinyar nan durƙuso saboda gyangyaɗi. Ta tuna ranar da ta ce mata a gaban aji, "Ko a gidanku ba a barci ne?"

"Malama, don girman Allah kada kowa ya ji. Umma ta ce in aka ji mun kaɗe."

"Na yi miki alkawari."

Kwana goma bayan nan takarda ta zo daga ma'aikata. Kowace makaranta ta binciko ɗaliban da ba su da matsuguni, za a ba su gurbi a makarantar kwana, da ci da sha. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa sunayen sirri ne. Malama ta yi kwana biyu tana saƙawa tana kwancewa. Gado, fitila, ƙofa mai sakata. Wace uwa ce za ta ƙi wa 'yarta wannan? Ba ta tambayi yarinyar ba, don ta san amsar da za ta ba ta. Ta rubuta suna, ta cike gurbin da aka ce a faɗi inda ɗalibi yake kwana, ta liƙe ambulan, ta kai wa Shugaba hannu da hannu.

"Daga ni sai Allah," ya ce, yana dafa ƙirji.

* * *

Motocin baƙi ba su gama fita daga ƙofa ba Malama ta faɗa ofishin Shugaba ko sallama babu. Ta same shi ya cire takalmi, kwalbar lemo a gabansa, yana shafa fuskar waya da babban yatsa.

"Malama! Zo ki ga. Hotunan sun fito tas."

"Yallaɓai, ka ce daga kai sai Allah."

"To ai aikin Allah muka yi."

"Da lasifika?"

Ya ajiye wayar, ya gyara zama. "Ki fahimta. Makaranta goma sha biyu aka aika wa takardar nan. Sha ɗaya suka rubuta babu, don tsoron a ce makarantarsu ta talakawa ce. Mu kaɗai muka samo. Daraktan ma'aikata da kansa ya ce a shirya taro. In ce masa a'a?"

"Kuka samo! Tsintuwa ce? Yarinya ce, Yallaɓai, shekararta goma sha huɗu, kuma gobe cikin waɗannan yaran za ta zauna. Ina maganar makarantar kwanan?"

"Kwamiti zai zauna."

"Yaushe?"

"In an kafa shi."

"Wato tabarma ce tallafin. A ina za ta shimfiɗa ta? A kan rumfar da kuka yi haya?"

"Malama, ki iya bakinki." Muryarsa ta sauko, ta yi sanyi. "Wanda yake kwana a kango ina shi ina kunya? Ai an taimake ta. Mutum dubu uku sun ga hoton a shafin makaranta na intanet tun ɗazu, wa ya sani ko wani mai hali ya gani ya tausaya."

"Ka sa a shafi?"

"Har da bayanin da kika rubuta, don a san ba ƙirƙira muka yi ba."

Ta dafa teburin da hannu biyu. Kalmomi suka cika mata baki, irin waɗanda ba a faɗa wa na gaba. Abin da ya fito kawai shi ne, "Da 'yarka ce, da ka kira ta?"

"'Yata tana da gida," ya ce, ya ɗauki lemonsa. "Kuma in aikin nan ya ishe ki, akwai makarantun ƙauye da ke neman malamin lissafi."

Ta fito. Abin da ya fi ci mata rai ba shi ba ne. Shi dai haka yake, kowa ya sani. Kura ce, ba ta taɓa cewa ita tunkiya ce ba. Malama da ta sani, ita ta kai wa kura ajiyar nama.

* * *

Talata kujerar yarinyar babu kowa. Laraba haka. Wani ya zana tabarma da alli a kan teburinta, Malama ta sa duk ajin durƙuso har aka tashi, amma ko kaɗan zuciyarta ba ta yi sanyi ba. Ranar Alhamis da aka tashi ta hau acaɓa ta nufi kangon.

Bene ne hawa biyu, babu filasta, ƙarafa sun yi tsiri-tsiri a sama sun yi tsatsa. A ɗakin ƙasa na can ƙurya an rataya buhun siminti da aka farke a madadin labule. Uwar tana bakin ƙofa a kan bulo, bahon wanki a gabanta, kayan mutane jibge a gefe. Siririyar mace ce, hannuwanta sun yi fari fat saboda sabulu. Ta amsa sallama ba tare da ta ɗago ba.

"'Yar'uwa, ni ce malamar..."

"Na san ki. Kuma ni ba 'yar'uwarki ba ce."

Ta matse riga, ta jefa a bokiti, sannan ta miƙe tana goge hannu a zani.

"Wata bakwai, Malama. Wata bakwai ina fita da yarinyar nan tun gari bai waye ba don kada a ga inda ta fito. Matan da nake yi wa wanki sun ɗauka ɗaki gare ni a bayan kasuwa. Ƙanwar ubanta ma ba ta sani ba. Ba mu roƙi kowa ba. Ba mu da ɗaki, amma muna da rufin asiri, shi kaɗai muka fito da shi daga gidan can. Ke kika zo kika yaye."

"Wallahi alheri na nufa. An ce za a ba ta wurin kwana..."

"An ce! Kin tambaye ni? Ko wanda ba shi da ƙofa ba a yi masa sallama? Jiya mata biyu sun karɓe wankinsu, wai ba su san inda nake shanya musu kaya ba. Ubanta ya kasa ɗaga kai a kasuwa, 'yan dako suna nuna masa waya. Ɗan mai ginin nan ya ga hoto, ya karanta kwatancen da kika rubuta, ya kira maigadi ya zage shi tas. An ba mu zuwa Asabar."

Malama ta ce, "Ku zo gidana. Zan yi magana da maigidana, akwai ɗakin ajiya..."

"Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake."

Uwar ta shiga bayan buhun, ta fito da tabarmar da bargon da jakar, duk a cikin ledarsu, ta watsar a gaban Malama. "Ki mayar musu. Su ɗauki hoto da su."

A ƙarƙashin labulen Malama ta hango ƙafafu biyu, tsaf, a tsaye cik. Ta kira sunan yarinyar a hankali. Ƙafafun suka ja da baya, suka ɓace.

* * *

Mijin Malama bai musa ba, ya ce dai su da yara huɗu a ɗaki biyu, amma inda aka matsa ana samun wuri. Ranar Juma'a suka fitar da tsohon keken ɗinki da buhunan gawayi daga ɗakin ajiya, ta share, ta wanke, ta sa ƙwan fitila. Ta ƙudura cewa ko durƙusawa ne za ta yi wa matar nan.

Asabar da hantsi ta isa kangon. Maigadin yana zaune a kan benci yana jan carbi, tsoho mai furfura a gira.

"Sun tafi tun da asuba, 'yata. Uban ya zo da baro ya kwashi kayan."

"Ina suka nufa, Baba?"

"Ban tambaya ba. In ban sani ba, ba wanda zai ji a bakina." Ya dube ta, ya mayar da kai ga carbinsa.

Ta shiga. An cire buhun ƙofa, an share ɗakin ƙal, har sawun tsintsiya yana nan a ƙasa. A bangon da ke kusa da taga, inda haske yake faɗowa, an cika bulo shida da rubutun gawayi, ƙanana, a jere. Lissafin da ke shafi na gaba ne a littafinsu, wanda ba ta riga ta koya wa ajin ba.

Ta tsaya ta bi shi layi-layi da yatsa, kamar yadda take duba takarda. Babu kuskure ko ɗaya. A layin ƙarshe an ja alamar daidai, ba a rubuta komai a gabanta ba.