Unguwar da Ba Ta da Ƙofa

Jiya da dare na yi wani mafarki, wai ga ni tsaye a cikin hoton da na daɗe ina fama da haɗa shi. Hoton tsohuwar unguwarmu ne, yadda shaho ke ganinta daga sama. Tun da aka rushe ta aka shimfiɗa titi, aikin da na sa a gaba ke nan. Na yayyaga tsohuwar taswira na manna a jikin katako da ƙaro, na barbaɗa jar ƙasa inda gidaje suke, na ja zaren saƙa a matsayin lunguna, kududdufin bayan gari kuwa shuni na kwarara masa. Gidanmu kaɗai na yi da ƙyallen atamfar Inna, mahaifiyata, wadda ta bari da ta rasu.

A mafarkin ma a gajiye nake. Ƙaron bai gama bushewa ba, duk takun da na yi sai na ɓamɓaro ƙafata da hannu. Abu ɗaya nake so, in shiga gida in gaida Inna in zauna.

Mutanen unguwar duk huluna ne da ɗankwalaye suna yawo a ƙasa, don daga sama iyakar abin da ake gani ke nan. Wata tsohuwar hula ta tsaya a gabana, na gane ta Baba Ɗangaske ce, mai gyaran keke.

"Lawwali, ka dawo?" in ji hular. "Ka ga yadda ka mai da mu."

"Ka yi haƙuri, Baba. Inna fa? Ita ma ɗankwali ce?"

"Ita tana cikin ɗaki lokacin da ka zana, ba ka gan ta ba. Duk abin da ba ka zana ba yana nan lafiya lau."

Na zagaya gidanmu, na sake zagayawa. Bango ne ta ko'ina, ba zaure, ba ƙofa.

Sai ga ni a wani ofishi. Akuya ce zaune a bayan tebur da tabarau, tana taunar gefen taswirar da na manna.

"Ranki ya daɗe, ƙofa nake nema."

"Kai da ka zana mu daga sama? Daga sama ana ganin ƙofa ne?"

"To ko in haura katanga?"

Ta dube ni ta saman tabarau. "Gidan uwarka za ka haura, sai ka ce ɓarawo? A nan bango yakan buɗe ne in na ciki ya kira sunan na waje. Je ka, an tashi aiki." Ta miƙa wuya ta cinye lungun da na biyo.

Ni ne ɗan farin Inna. Har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba, saboda kunya. Ƙannena tana kiransu tun daga bakin rijiya, ni kuwa “yaron nan” ne, ko “kai wannan”, har na yi furfura.

Da na fito, an fara ruwa. Daga ƙasa yake tsattsafowa yana hawa sama, kowane ɗigo ɗauke da launin inda ya fito. Kududdufin ya tashi gaba ɗaya, sama ta rine da shuni. Gidajen maƙwabta suna ta kwancewa, hulunan suna neman mafaka a ƙarƙashin juna. Ban yi gudu ba, ba ni da ƙarfin.

Na tsaya a jikin bangon atamfa. Ƙanshin hayaƙin murhunta na nan a jiki. Na yi sallama.

"Wa alaikumus salam," in ji muryar Inna daga ciki, tana kaɗa miya. "Au, yaron nan ne? Ka ci abinci?"

"Ban ci ba, Inna. Ki kira sunana bangon ya buɗe."

Kaɗa miyar ta tsaya.

"Kai, ba ka da ta ido? A gaban mutane?"

"Ba kowa, Inna. Huluna ne kawai."

"Hulunan ba a kan kunne suka zauna ba?"

Ruwan ya fara ɗaga gefen ƙyallen. Na danne shi da tafin hannu, ya ɗago ta wancan gefen. Na zauna a ƙasa na jingina bayana da bangon, kewarta ta cika mini ƙirji, ga gajiya har cikin ƙashi.

"Shi ke nan, Inna, bar shi. Zan zauna a nan ina jin motsinki."

Na ji ta ajiye maburgi, na ji takunta, na ji ta durƙusa daidai bayana.

"Matso da kunnenka," in ji ta a hankali. "Kada kowa ya ji."

Na manna kunnena da atamfar. Ta yi gyaran murya, ta ja numfashi.

"Malam Lawwali! Malam Lawwali!"

Na buɗe ido. Gari ya waye, hoton na jingine a bango inda na bar shi. Mai ruwa ne yake dukan ƙofar gida da jarka, yana ta maimaita sunan ba ko wahala, yana tambaya ko a zuba.