Jinin Barakatu

Shekara biyu bayan an yanke Kebbi daga Sakkwato, akwai wani masunci a wata tunga kusa da Wara, ana ce da shi Hammadu. Mutum ne marar hayaniya. Sana'arsa jan dala, babban tarun nan da ake ja daga gaɓa, kuma abin da ya fi samu warangi ne, 'yan mitsi-mitsin kifayen da ake shanyawa a rana, fatake su kwasa buhu-buhu su yi kudu da su. An ce can abincin kaji ake yi da su. Shi ya sa Hammadu bai taɓa ganin warangi a matsayin abin da za a ba mai ciki ba.

Matarsa Barakatu tana ɗauke da ciki na uku. Tun wata na biyar jikinta ya fara sakewa. Tafin hannunta ya yi fari fat, in ta ɗebo ruwa daga gaɓa sai ta zauna sau biyu a hanya tana haki. Inna, mahaifiyar Hammadu, ta dube ta ta ce jini ne ya yi mata kaɗan, kuma in ba a nemo shi kafin haihuwa ba, to, sai dai addu'a.

Ran kasuwar Yelwa Hammadu ya kai kukansa wurin Arzika, abokinsa mai shago. Arzika ya yi dariya, ya ce wannan ai ba abin tada hankali ba ne, matan ma'aikata duk malt suke sha, baƙin lemon kwalbar nan mai zaƙi, a zuba masa madarar gwangwani. Ya ɗaga kwalbar a rana ya nuna masa launinta, wai ko makaho ya san wannan jini ne tsantsa.

"Kai dai baƙauye ne, Hammadu," in ji shi. "Kana zaune cikin ƙarnin kifi, ina za ka san abincin manya?"

Daga ranar nan Hammadu ya daina barin ko ƙwarya ɗaya ta warangi a gida. Har wanda Inna ke ɓoyewa don miya ya kwashe ya sayar, ya sayo kwalabe da gwangwanaye, ya haɗa da ganyen shayi. Barakatu ba ta son zaƙin, yana cika mata ciki har ta kasa cin tuwo. Amma in ta ga yadda yake durƙusawa yana dama mata da hannunsa, sai ta rufe ido ta shanye. Matan tunga suna tsokanarta, suna ce mata matar gwamna, ita ko sai murmushi.

Cikin wata na takwas ƙafafunta suka kumbura. Wata safiya ta yanke jiki ta faɗi a wurin shanya. Aka sa ta a kwalekwale, daga nan mota, har asibiti a Yelwa.

Ungozomar da ta karɓe su, Malama Rahila, ta ja fatar idon Barakatu ƙasa, ta daɗe tana kallo. Ta tambayi abin da take ci. Hammadu ya lissafa mata da ɗan alfahari. Malama Rahila ta yi masa bayani a hankali, ba faɗa. Ta ce abin da ke gina jini yana cikin hanta, da wake, da zogale, da ƙananan kifi in an ci su gaba ɗaya har kai, musamman in da ɗan tsami a miyar. Shayi kuwa a kan abinci, hana jiki ɗaukar amfanin yake yi. Hammadu ya tambaya cikin sanyin murya ko har da warangi. Ta ce shi ne ma kan gaba.

Ya ce to bari ya koma yanzu, akwai shanyar warangi a ƙasa, ya kwaso mata.

"Malam, abinci watanni yake ɗauka," in ji ta. "Ita kuwa makwanni suka rage mata, in ma ta kai. Jini za a ƙara mata, kuma ba mu da ajiya. Sai dangi."

Nan take ya naɗe hannun riga. Malama Rahila ta dubi idonsa shi ma, ta tambaye shi ko yana ganin ja a fitsarinsa. Ya ce ai kowane namiji a bakin ruwa haka yake tun yarinta, ba ciwo ba ne. Aka ɗebi kaɗan aka auna. Tsargiya ce ta daɗe tana cin sa, nasa jinin ma da ƙyar yake riƙe da shi. Inna ta tsufa. 'Yan'uwan Barakatu sun tafi kamun kifi a Tafkin Chadi, ba wanda ya san tungar da suke.

Ya koma bakin gadon Barakatu ya zauna a ƙasa. Ashe ta ji komai ta bayan labule. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗan taɓa kafaɗarsa da hannunta mai sanyi.

"Malam, tashi ka tafi tun da sauran mota. Ka kawo min yaranmu in gan su."

Hammadu ya ɗauki hularsa, ya fita ya nufi tasha.